Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Sauke Hotuna da Bidiyo daga Intanet da Adana Su a Kwamfuta

Laccar da aka gabatar a gaban malaman makaranta, ɗalibai da matasan Darini da kewaye

Ranka ya daɗe Mai Gari, Allah ya gafarta malamai, iyayena maza da mata, abokan aikina malaman makaranta, da ku ƙannena da kuka taso daga garuruwan Batsari da Safana, ina yi muku barka da zuwa.

An nemi in yi bayani a kan yadda ake sauke hoto ko bidiyo daga intanet a ajiye shi a kwamfuta. Na san akwai wanda zai ce a ransa, mutanen da ke kwana da fargaba, suna lissafin yadda za su kai taki gona su dawo lafiya, ina ruwansu da adana hoto? Tambaya ce mai kyau, kuma da abin da ya same ni zan amsa ta.

Shekara guda kafin mahaifina ya rasu, wani ɗan yayana ya ɗauke shi a bidiyo yana zaune a zaure, yana ba da labarin yadda kakanninmu suka sari daji suka kafa unguwarmu, da wanda ya haƙa rijiyar farko, da sunayen gonaki da iyakokinsu. Yaron ya ɗora a shafinsa na sada zumunta, muka kalla, muka ji daɗi, muka yi ta tura wa dangi adireshin wurin. Duk lokacin da na yi kewar tsoho sai in buɗe in saurara, na ɗauka abin yana hannuna. Ana nan aka sace wayar yaron a kasuwa, ɓarayin suka ƙwace shafin nasa suka goge komai. Muka bi dangi ɗaya bayan ɗaya, ba a sami ko mutum guda da ya sauke bidiyon ya ajiye ba. Kowa ya kalla, ba wanda ya adana. Muryar mahaifina ta tafi ke nan, tare da ilimin da shi kaɗai ya rage da shi. Wannan rashi ne ya sa nake ɗaukar maganar yau da muhimmanci.

Inda hoton yake a zahiri

Mu fara fahimtar abu guda. Idan ka buɗe Facebook ko YouTube ko TikTok ka ga bidiyo yana motsi a tafin hannunka, ba a cikin wayarka yake zaune ba. Yana can cikin wasu manyan kwamfutoci na kamfanin, a gine-ginen da galibi ke Amurka ko Turai. Wayarka aronsa take yi ta hanyar sabis, ta nuna maka, sannan ta saki. Shi ya sa idan data ta ƙare sai ya tsaya cak. Misalinsa manomin da ya zuba hatsinsa a rumbun wani attajiri a gari mai nisa, makulli yana hannun attajirin, hanyar zuwa kuma tana hannun wani daban. Ranar da aka toshe hanya, ko mai rumbu ya ga damar rushe rumbunsa, manomi ba shi da ta cewa.

Kuma ana rushe irin waɗannan rumbuna. A 2009 kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities, inda miliyoyin mutane suka gina shafukansu na farko. A 2019 Google ya rufe dandalinsa na Google+. A wannan shekarar ce dandalin MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da aka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015, kimanin miliyan 50, sun salwanta wajen sauya musu ma'aji. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta bayyana a 2024 cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke intanet a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. A nan gida ma, waɗanda suka yi zamanin 2go su faɗa mana, ina hotuna da hirarrakin da suka tara a can?

Darasin 2021

Ba sai mun je Amurka neman hujja ba. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa da Kurfi da Dutsin-Ma da Ƙanƙara. Kun rayu a cikin wannan hali, kun fi ni saninsa. Watanni aka ɗauka mutum sai ya hau mota ya nufi inda sabis yake kafin ya ji muryar ɗansa. A daidai wannan lokaci kuma Twitter a rufe yake a Najeriya baki ɗaya, tun daga Yunin 2021 har zuwa Janairun 2022.

Ku tuna wa ya ci gaba da amfana da wayarsa a waɗancan watanni. Ɗalibin da ya riga ya sauke darussansa ya ci gaba da bita. Dattijon da aka tura wa tafsiri a katin memori ya ci gaba da saurare. Matar da ke da hoton takardar asibitin ɗanta a cikin waya ta nuna wa likita. Wanda kuwa duk abin da ya mallaka yana can sama, wayarsa ta koma tocila da agogo. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Fayil ɗaya da ke cikin kwamfutarka ya fi dubu da sai an ba ka sabis za ka gani.

Me ya cancanci ajiya

Ba duk abin da ya gilma a waya ake tarawa ba, kamar yadda ba a zuba ƙaiƙayi a rumbu. Abubuwa uku nake ganin sun wajaba a kanmu.

Na farko ilimi: darussan lissafi da kimiyya, karatun malamai, bayanin yadda ake feshi da tsaga taki da adana iri, koyarwar ungozoma da ma'aikatan lafiya. Malami ɗaya ya sauke lokacin da ya shiga Katsina ko Dutsin-Ma, makaranta guda ta amfana shekara da shekaru ba tare da an sake sayen data ba. Akwai ma wata manhaja kyauta mai suna Kiwix da ke ba mutum damar sauke Wikipedia, har da ta Hausa, ya riƙa karantawa babu intanet.

Na biyu tarihi. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya rubuta tarihin ƙasar Katsina ne da taimakon tsofaffin takardu da kuma bakin dattawan da ya bi gari gari ya saurara. Da yawa daga waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sun iso gare mu ne saboda wasu mutane sun riƙe kaset ɗinsu da faya-fayansu ba su yar ba. Yau kaset ɗinmu ita ce waya. Hawan salla a ƙofar Sarkin Ruma a Batsari ko ta Yariman Katsina a Safana, saukar karatun allo, gayyar noma, kokawa bayan kaka, fuskokin tsofaffinmu, duk suna yawo a shafukan matasa, kuma kowane ɗaya na iya ɓacewa kamar yadda muryar mahaifina ta ɓace.

Na uku shaida, kuma nan ne maganar ta fi nauyi. Mu da ke bakin dajin Rugu mun ga abin da ba ma fatan jikokinmu su gani. A Fabrairun 2020 an kashe mutane kimanin 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙaramar hukumar Batsari. A Disamban wannan shekara aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Akwai garuruwan da aka ƙone rumbunansu, akwai waɗanda suka watse. Wata rana, da yardar Allah, za a zauna lissafin abin da ya faru, ko don diyya, ko don shari'a, ko don kada wani ya ce ba a yi ba. Ranar nan za a tambaye mu hujja. Kamfanonin sada zumunta kuwa sukan goge hotunan tashin hankali bisa ƙa'idojinsu. A 2017 YouTube ya cire dubban bidiyoyin yaƙin Siriya, har sai da masu adana tarihi suka tashi tsaye kafin a maido da wasu. A ɗaya ɓangaren, Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara tara a 2016 saboda rushe hubbaren waliyyai a Timbuktu, kuma bidiyo na cikin hujjojin da aka gabatar. Abin da aka adana ne ya yi magana a gaban alƙali.

Yadda ake saukewa

Aikin kansa ba shi da wuya. Idan hoto ne a kwamfuta, ka fara danna shi ya buɗe da cikakken girmansa, domin ƙaramin da ke bayyana da farko ba shi da inganci. Sannan ka ɗora kibiya a kansa, ka danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta, ka zaɓi adana hoto, ka nuna foldar da kake so ya shiga. A waya kuwa, ka dafe hoton da yatsa na ɗan lokaci, zaɓin saukewa zai fito. Ɗaukar hoton fuskar waya yana da amfani wajen nuna wanda ya ɗora abu da ranar da ya ɗora, amma yana rage kyan hoto, don haka a haɗa biyun.

Idan rubutu ne da hotuna tare, kamar labarin jarida, ka danna Ctrl da P kamar za ka buga a takarda, sai ka zaɓi ajiye shi a matsayin PDF. Haka zai zauna da kanunsa da kwanan watansa. Akwai kuma wata cibiya a Amurka mai suna Internet Archive, wadda aka kafa a 1996, da ke da ma'ajin da ake kira Wayback Machine. Kowa na iya ba ta adireshin shafi ta adana kwafinsa kyauta, ko da an goge na asali daga baya.

Bidiyo ya fi buƙatar lura. Hanya mafi kyau ita ce ka nemi wanda ya ɗauka ya ba ka na asali, ta Xender ko kebul ko katin memori. Dalili shi ne duk bidiyon da ya bi ta WhatsApp ko Facebook sai an matse shi an rage nauyinsa, kuma galibi ana share bayanan da waya ke liƙa masa a ɓoye, irin su rana da lokacin ɗauka. Idan dole sai ta WhatsApp za a turo, a turo shi a matsayin takarda, wato fayil, domin ta nan ba a taɓa shi. Abin da aka sa a sitatus kuwa awa 24 yake yi ya ɓace, wanda ya jira gobe ya makara. Ku kuma sani cewa bidiyon da aka sauke da maɓallin cikin manhajar YouTube a cikin manhajar yake zama, ba a iya kwashe shi zuwa kwamfuta, kuma yakan nemi a sake haɗa waya da intanet bayan wani lokaci. Wannan aro ne mai wa'adi.

Abin da kai da kanka ka ɗora, kana da hanyar karɓo shi gaba ɗaya. A cikin saitin Facebook akwai wurin da mutum zai nemi a tattara masa dukan hotunansa da bidiyoyinsa ya sauke, Google ma yana da irinsa mai suna Takeout. Ina roƙon kowane matashi da ke nan ya yi wannan kafin watan nan ya ƙare.

Sai gargaɗi. Akwai wuraren da ke tallar za su sauke maka kowane irin bidiyo kyauta. Da yawansu tarko ne: su cika maka kwamfuta da bairos, ko su nemi lambar sirrinka su ƙwace shafinka. Duk inda aka ce sai ka shigar da lambar sirri ko ka girka wata manhaja da ba ka sani ba kafin a ba ka bidiyo, ka ja da baya.

Hoto ma yana da isnadi

Allah ya gafarta malamai, a nan ku ne malamanmu. Malaman hadisi ba su karɓi magana don ta yi daɗin ji ba, sai sun san wa ya ji daga wa, a ina, kuma amintacce ne ko a'a. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. A Suratul Hujurati kuma an umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi. Al'ummar da ta gaji wannan tarbiyya bai kamata ta tara hotuna marasa asali ba.

Hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba, bayan shekara biyar ba shi da maraba da jita-jita. Yana ma iya zama makami. Binciken da BBC ta yi a 2018 ya nuna cewa wasu hotunan da aka yaɗa a Facebook lokacin rikicin Jihar Filato, waɗanda suka ƙara rura wutar gaba, ba a wurin rikicin aka ɗauke su ba, akwai ma wanda ba daga Najeriya ya fito ba. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira da ke haɗa fuska da muryar mutum a kan abin da bai taɓa faɗa ba. Kafin ka ajiye hoton da ke da nauyi, ka saka shi a Google Lens ko TinEye ka ga ko ya taɓa fitowa a wata ƙasa a wata shekara.

Don haka kowane fayil a ba shi suna mai ma'ana, a fara da shekara, wata, rana, sannan gari da abin da ya faru. A kusa da shi a ajiye ɗan rubutu mai amsa tambaya biyar: wa ya ɗauka, yaushe, a ina, su wa ke ciki, daga wane adireshi ko hannun wa aka samo. Kada a yanke na asali, kada a sa masa kiɗa ko rubutu. In za a gyara, a kwafa a gyara kwafin. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi hujjar da ta fito daga kwamfuta, amma sai an yi bayanin na'urar da yadda aka samar da hujjar. Wanda ya rubuta isnadin fayil ɗinsa tun ranar farko ya sauƙaƙa wa lauya da alƙali.

Ba a tara iri a tukunya ɗaya

Saukewa rabin aiki ne. Kwamfuta na mutuwa, filashi na ɓata, ƙurar hunturu da zafin bazara na cin na'ura, wuta in ta zo da ƙarfi tana ƙona caja da abin da ke jikinta. Masana ajiya suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari. A wurinmu wannan na nufin ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi ko faifan ajiya na waje da aka naɗe a leda aka sa a akwati, ɗaya kuma wurin ɗan'uwa a Katsina ko Kano, ko a ma'ajin intanet irin Google Drive. Intanet wuri ne mai kyau na ajiye kwafi na uku. Kuskuren shi ne a mai da shi wuri ɗaya tilo.

A kula da jabun katin memori da ke cika kasuwa, wanda za a rubuta masa babban adadi alhali cikinsa kaɗan ne, sai ya riƙa cinye tsofaffin fayiloli a ɓoye. A saya wurin amintacce, a gwada shi kafin a dogara da shi. Duk shekara, a ce bayan an gama girbi, a buɗe ajiyar a duba tana nan lafiya, a sabunta na'urar da ta fara gajiya.

Mutanen Timbuktu sun nuna mana amfanin wannan. Lokacin da masu ɗauke da makamai suka mamaye garin a 2012, iyalai da masu kula da ɗakunan karatu, ƙarƙashin jagorancin Abdel Kader Haidara, suka riƙa fitar da tsofaffin littattafai a akwatuna, ta mota da ta jirgin ruwa, zuwa Bamako. A Janairun 2013 an cinna wa wasu littattafai wuta a Cibiyar Ahmed Baba, amma mafi yawan gadon garin ya riga ya tsira, saboda ba a fafe gora ranar tafiya ba.

Amana da iyaka

Iya sauke abu bai halatta maka shi ba. Fim ɗin Kannywood ko waƙar da mawaƙi ya kashe kuɗi ya yi, haƙƙinsa ne a shari'a da kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022. 'Yan'uwana masu sana'ar tura fina-finai a waya, ku nemi hanyar da mai abu zai sami rabonsa. Hoton matar aure ko budurwa da aka ɗauka a gidan biki ba abin tarawa ba ne sai da izininta. Gidaje nawa suka mutu saboda hoto ɗaya da ya fita? Gawar ɗan'uwanmu da aka kashe tana da alfarma. In an adana hotonta don shaida, a kulle shi da lambar sirri, kada a mai da shi abin turawa a zaurukan WhatsApp inda marayunsa za su ci karo da shi.

Sannan ku kiyaye rayukanku. Kada wani ya kusanci haɗari don ɗaukar bidiyo. Kada a yi yawo da irin waɗannan hotuna a waya a kan hanya, domin ba ka san hannun da wayar za ta faɗa ba, kuma fuskar wanda ya ba da shaida na iya jawo masa bala'i. A kwashe su zuwa ma'aji, a share daga waya. Rai ya fi kowace hujja.

Kammalawa

Ranka ya daɗe Mai Gari, ga roƙona. A samu kwamfuta ɗaya, ko tsohuwa ce, da faifan ajiya biyu da ƙaramar sola, a ajiye a makaranta ƙarƙashin kulawar mutum uku: malamin boko, malamin addini, da mace ɗaya da mata suka amince da ita. Duk wanda ke da hoto ko bidiyon da ya shafi garin nan ya kawo a kwafa, a rubuta isnadinsa a littafi. Kwafi ɗaya a kai birni. Idan abin ya kankama, ana iya tuntuɓar masana tarihi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su taimaka da tsari.

Ku kuma ƙannena, akwai aikin da ba ya jiran kwamiti. A gidan kowannenku akwai tsoho ko tsohuwa da ta san sunan kowace fadama da asalin kowace zuri'a a Darini. Yau da daddare ku zauna gabanta, ku gaishe ta, ku nemi izininta, ku kunna waya. In kun gama, kada ku kwanta sai kun kwafa a wuri na biyu. Ni na yi jinkiri, na rasa muryar mahaifina. Naku iyayen suna nan da ransu.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya maido da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu.